Karaya a Hannu, Ɓarna a Ciki

Ɗazu ina wanke hannu na jiyo ɗayarku tana cewa aikin ungozoma ba wani abin a zo a gani ba ne, wai mace ce ke yin naƙudarta, ke kuwa tara hannu kawai za ki yi. Ban waiga ba, don ba na son sanin wace ce. Masu awon ciki sun watse, ku jawo benci ku zauna. Ke mai shuɗin hijabi, kife wayar nan.

Na haura shekara talatin ina wannan aiki tsakanin Rano da Kibiya, yawanci a ƙananan asibitocin ƙauye irin wannan, inda babu likita, babu wuta, sai ke da abin da ke cikin kanki. Haihuwar da ta zo da sauƙi kam gaskiyarku, ko ba ku nan za a yi ta. Ba don ita aka ajiye ku ba. An ajiye ku ne saboda macen da za ta shigo da ƙafarta, da tsohon ciki, tana murmushi, ta ce, "Malama, ɗan zamewa na yi a bakin rijiya, amma ba komai." Duk furfurar nan da kuke gani, rabinta wannan "ba komai" ɗin ce ta sa min ita.

Wadda ta koya min aiki bayan na fito makaranta sunanta Hajiya Uwani, Allah ya jiƙanta. Na je mata da sabon farin kaya ina jin kaina, sai ta miƙa min faranti ta ce aikina duba mabiyiya. Duk wadda ta haihu, ni ce mai ɗaukar mabiyiyar in shimfiɗa, in juya, in tabbatar ta fito cikakkiya. Na yi watanni a haka ina ƙunƙuni. Ran nan ta kira ni kan wata mabiyiya, ta nuna min gefe guda da ya lotsa, da wani baƙin gudan jini manne a wurin. Ta juya wajen mai jegon ta ce, "'Yar nan, kin faɗi da cikin nan?" Matar ta ce a'a. Can ta tuna, ta ce rago dai ya tunkuye ta kwanakin baya tana ba shi dusa. Jaririnta kuwa ɗan firit, kamar ba a cika wata tara ba.

Hajiya ta ce min, "Taɓa nan. Me kika ji?" Na ce kamar hanta. Ta ce, "To mahaifa kamar roba take, in an buge ta za ta lotsa ta dawo. Mabiyiya ba ta iya wannan. In mahaifa ta girgiza, ita sai ta ɓanɓare daga inda take manne. Ta nan ɗa yake ci, ta nan yake numfashi. In kaɗan ta ɓanɓare, ga shi nan, ya zo a rame. In da yawa ne, sai dai haƙuri." A makaranta an faɗa mana wannan, na ma rubuta a jarrabawa. Amma sai ranar da yatsana ya shiga lotsin nan na san shi.

Ku kuma yanzu kun raina kayan aiki. Jiya na ba ɗayarku ƙahon sauraron bugun zuciyar ɗa, ta riƙe shi da yatsa biyu kamar na ba ta mataccen ɓera, wai ina na'ura mai batir. Na'urar tana da kyau, ban ƙi ta ba. Ranar da batir ya mutu fa? Ƙahon nan da agogo mai tsinke da abin awon jini da tafin hannunki, su ne ba sa tafiya hutu. Tafin hannun ma ya fi. Cikin da yake lafiya, in naƙuda ta murɗa ya yi tauri, ta lafa ya saki. Cikin da mabiyiya ta ɓanɓare yakan ƙi saki, ki ji shi kamar kin dafa turmi, kina taɓawa matar tana janye jiki. Kuma kada wadda ta zo min da zancen an yi sikanin ba a ga komai ba. Sikanin yana iya kallon ɓanɓararriyar mabiyiya ya wuce ta. Kada kuma awon jini ya ruɗe ku. Mai ciki jininta yana da yawa, za ta daɗe tana zubarwa ta ciki awo yana nuna lafiya lau, alhali jikinta ya riga ya rage wa ɗan rabonsa don ya ceci kansa. Ɗan ne yake fara jigata, uwar tana zaune tana ba ki labarin suna.

Mutanen da za ku yi aiki da su kuwa, sai kun yi da gaske. Wata Bafulatana daga rugar da ke bayan Durba, saniya ta harbe ta a ciki tana tatsa. Ba ta zo ba. Sai da ta kawo nono gari, ta biyo ta nan don ta sayar min, ina auna nono na ga tana dafe gefen ciki. Na ce me ya same ki, ta ce, "Nagge ce, ai ta saba." Ta saba! Da ƙyar na zaunar da ita. Ruwa ya riga ya fashe tana ta ɗiga ba ta sani ba, bakwaini ta haifa. Wasu kuma za su ce miki a banɗaki suka faɗi, ki ɗaga riga ki ga shatin da banɗaki ba ya yi. Irin wannan ki fitar da kowa daga ɗakin kafin ki sake tambaya, kuma ki tambaya a hankali. Masu shiga mota su ce bel yana matse ɗa, sai su ƙi ɗaurawa, alhali a ƙasan ciki ake ɗaura shi, kan ƙashin ƙugu. Kullum sai kin faɗa, kullum kamar ba ki taɓa faɗa ba.

Shekarar da ta fi ba ni wuya, ina wani ƙaramin asibiti a yankin Fammar. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cinye kwalbatin da ke kan hanyarmu ta fita titi, ya bar wani wawakeken rami. Mota ba ta shigowa. Kowa ya koma babur, su gangara ta gefen ramin su haura, ga santsi, ga yaran nan masu gudu kamar ana bin su. A damina guda na ga faɗuwar masu ciki fiye da na shekarun baya a haɗe.

A cikinsu akwai Ramatu. Yarinya ce mai hankali, ba ta fashin awo, cikinta na fari, ya shiga wata takwas. Suna dawowa daga barka ƙanin mijinta da ya goyo ta a babur ya kayar da ita a gangaren nan, ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Kowa ya ga hannu ya lanƙwashe, kowa ya yi salati a kan hannu. Suka wuce ƙofar asibitina, suka kai ta wurin Malam Haruna maɗori. Ya ɗora, ya ɗaure, suka koma gida ana ta sannu. Ba wanda ya tuna akwai mutum na uku a kan babur ɗin.

Sai washegari da azahar suka kawo min ita a amalanke, leɓɓanta sun yi fari. Na dafa ciki, turmi. Na ce yaushe rabon da ki ji motsi, ta ce tun jiya da magariba ya yi wani irin juyi mai ƙarfi, daga nan shiru. Na kafa ƙaho, na zagaye cikin nan kaf. Babu.

Surukarta tana tsaye a kaina tana cewa, "Malama, wallahi ko ɗigon jini ba ta zubar ba. Da mun ga jini ai da mun kawo ta."

Na ce, "Iya, jinin yana ciki. Bai sami hanyar fita ba ne."

Ta ce, "Ciki kuma?"

Na sa mata ruwa, muka ɗauke ta muka haura ramin nan, aka samo mota a ɗaya gefen. A babban asibiti sai da aka yi mata ƙarin jini kafin aka shawo kanta. Ɗa namiji ne, cikakke, har da suma. Gudan jinin da aka kwaso a bayan mabiyiyar ya cika kwanon sha. Ramatu ta rayu, hannunta ya warke sumul, kamar bai taɓa karyewa ba.

Bayan an sallamo ta na saka mayafina na tafi wurin Malam Haruna. Ku sani, mutumin nan ya iya ɗori, ba zan tauye masa haƙƙinsa a nan ba. Dattijo ne, daga Zinyau ma ana zuwa wurinsa. Na same shi a zaure yana fere tsinken gora, ga man shanu a gwangwani. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba Malam, magana ce ta kawo ni a kan Ramatu."

Ya ce, "Hannun ya tashi ne?"

Na ce, "Hannu lafiya lau. Ɗan ne ya mutu."

Ya ce, "Na ji. Allah ya sa mai ceto ne. Ni dai ƙashi aka kawo min, ƙashi na ɗora."

Na ce, "Mutum biyu aka kawo maka, Baba, ka duba ɗaya. Ba laifi na zo ɗora maka ba. Roƙonka na zo yi. Duk mai cikin da aka kawo maka ta faɗi, ko yatsa ne ya goce, ka turo min ita tukuna. Ƙashi zai jira. Cikin ba ya jira."

Ya ajiye wuƙar ya dube ni. "Ke 'yar nan, tun ba a yaye ki ba nake ɗori. Yau ke ce za ki tsara min wanda zan taɓa da wanda ba zan taɓa ba? In ƙashi ya huce, ya kumbura, ke za ki ɗora?"

Na ce ban iya ba. Ya ce to. Na ƙara magana, ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da fere tsinkensa kamar ba kowa a wurin. Na fito ina huci, ina cewa na ɓata takalmina a banza.

Kaka ta yi, ba a gyara hanya ba. Wata ranar da hantsi ina tafasa almakasai na jiyo hayaniya a waje, muryar namiji tana tashi. Na leƙa. Malam Haruna ne a gaba da sandarsa, bayansa wani magidanci, Malam Tanimu mai sayar da hatsi, sai matarsa Zulai an riƙo ta, hannunta na hagu a tallafe da tsinke biyu da ɗankwali. Ashe amalanken gyaɗa ce ta kife da ita a gefen ramin nan, buhu ya danne ta. Cikinta na uku ne, ya kusa wata takwas.

Malam Tanimu yana ta faɗa: "Malama, ki ji min tsohon nan! Na kai masa karaya ya ce ba zai ɗora ba sai kin duba ciki. Me ya haɗa ciki da hannu?"

Malam Haruna ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ga ta nan. Na tallafe, ban ɗora ba. Ki yi naki in yi nawa." Ya sami dakali ya zauna.

Na kwantar da ita. Nan ma wata matsala: mai tsohon ciki a gefen hagu ake kwantar da ita don jini ya isa wa ɗa, ga shi hannun hagun ne a karye. Sai na cusa matashi a ƙarƙashin ƙugunta na dama, ta ɗan karkata, na ɗora hannun a kan wani matashin. Irin wannan ba a littafi yake ba, ku buɗe ido. Na duba, babu jini, ruwa bai fashe ba, awon jini daidai. Na kafa ƙaho na ji bugu tsaf, da sauri yadda ake so.

Kuskuren da za ku yi ke nan, ku yi murmushi a gaban miji. Ni ban yi ba, amma ya karanta a fuskar matarsa. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Tashi mu je a ɗora."

Na ce, "Ba inda za ta sai babban asibiti. Ka aika a tsayar mana da mota a tsallaken rami."

"Ba kin ji lafiya ba?"

"Yanzu na ji lafiya. An jima ban sani ba. Abin nan yakan ɗauki yini, yakan kwana, kafin ya nuna kansa. In ya nuna a nan, ba ni da wurin tiyata, ba ni da jini."

Ya ce, "Wato babu abin da kika gani, amma in bar gyaɗata a zube a hanya, in bar hannu yana kumbura, in kwashi mace zuwa Rano saboda abin da ba ki gani ba?"

Na ce, "Haka nake nufi."

Ya tafa hannu ya yi dariyar takaici. Ya fita ya samu Malam Haruna ya ce ya shigo ya ɗora a nan. Ina jin tsohon ya ce, "Sai Malama ta sallame ta." Malam Tanimu ya koma wajen matarsa ya ce ta tashi. Zulai ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Malam, bayana ne yake ɗan riƙewa." Ya ce ai dole, buhu ne ya danne ki.

Ni kuwa hannuna yana kan cikin, ban ɗaga ba. Muna cikin wannan ja-in-ja na fara jin abin da nake tsoro. Ciki ya riƙa ɗan murɗawa a jere a jere, ƙanana, ba hutu a tsakani, kuma in ya murɗa ba ya saki duka. Na danna sama ta dama, ta ce wash ta kama zanena. Na mayar da ƙaho. Bugun yana nan, amma duk murɗawa sai ya ja baya, ya daɗe kafin ya dawo.

Na daina lallashi. Na ce, "Malam Tanimu, zo ka dafa nan." Ya ce shi ba ya taɓa wannan a gaban mutane. Na kamo hannun rigarsa na ɗora tafinsa a kai. Na ce, "Haka cikin yake da safe?" Na ce, "Ka san Ramatu ta unguwarku?" Ya zare hannunsa, ya fita da gudu yana ƙwala wa masu babur kira a je a tare mota.

Na sa mata ruwa a hannun dama. Aka ciro ƙyauren ɗakin ajiya muka shimfiɗa bargo muka ɗora ta, matashin nan yana ƙugunta. Maza huɗu suka ɗauka. Ni ina gefe riƙe da ledar ruwa sama, Malam Haruna yana ɗaya gefen ya rungume karyayyen hannun nan da hannu biyu, ya ba wani sandarsa. Haka muka gangara ramin, tsoho yana zamewa yana yi wa mazan tsawa, "A hankali, ba buhun masara kuka ɗauko ba!" Ya ƙi komawa, sai da ya shiga motar.

Muna isa na faɗa wa likita abin da na ji da hannuna da kunnena, ya duba, ya ce a shiga da ita tiyata yanzu. Aka ce ana son jini. Malam Tanimu, in ba shi haƙƙinsa, bai yi gardama ba a nan, ya naɗe hannun riga. Aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, shiru, jiki a sake. Sai da aka yi ta fama da ita kafin ta yi wani ɗan kuka kamar na mage. Aka sa ta a kwalba. Likita ya kira ni ya nuna min mabiyiyar, wajen kashi ɗaya cikin uku ya rabu, ga jini a daskare a baya. Ya ce da an ƙara jinkiri, da labarin ya sauya.

Hannu fa? Kafin a gama da ciki ya kumbura ya yi suntum. Sai da kumburi ya saɓe aka gyara aka sa siminti. Suna komawa gida Malam Tanimu ya ce simintin nan ba ya yi masa, ya sa aka fasa tun lokaci bai yi ba, ya mayar da ita wurin Malam Haruna. Tsohon ya duba ya ce ƙashi ya riga ya fara kamawa, in ya sake karya shi mai jego ba za ta ɗauka ba, a bar shi. Hannu ya warke, amma ya ɗan karkace daga wuyan hannu, ba ta iya ɗaukar tulu da shi.

To kun san abin da na samu? Shekara da shekaru Malam Tanimu yana zaune a rumfarsa ta hatsi yana ba mutane labari cewa ni da Malam Haruna muka haɗa baki muka nakasa masa mata. Wai da an ɗora da zafinsa da ba haka ba. In na zo sayen gero, ya amsa gaisuwata da hanci. Har Malam Haruna ya koma ga Allah bai daina turo min masu ciki ba, kuma har ya koma bai taɓa ce min na yi gaskiya ba. In ya turo, saƙonsa ɗaya ne: a gaya wa Malama ta yi sauri, ƙashi yana hucewa.

Bara na je wani biki a can, na shiga gidan su Zulai in gaishe ta. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, yarinyar nan ta yi wayo har ta shiga firamare, tana zaune tsakanin ƙafafunta ana yi mata kitso tana ta mutsu-mutsu. Muna gaisawa sai ga maigidan ya shigo. Ya gan ni, ya nuna hannun matarsa da haɓa, ya ce, "Malama, kin ga aikinku ko? Har yau bai miƙe ba." Ya shige ɗaki.

Na buɗe baki zan mayar masa, don ranar na cika. Zulai ta ja kan yarinyar ta gyara, ta tsaga gashi da tsinke, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Ƙyale shi, Malama. Ai da hannun nake yi mata kitson."